Yadda ake cire kwantak a sa wutar ilektronik a injin tsohuwar mota

Injin fetur mai silinda huɗu, idan yana juyi 3,000 a minti, tartsatsi 6,000 yake nema a cikin mintin nan, wato ɗari a kowane sakan. A tsohuwar mota kuwa babu tartsatsin da zai fita sai kwantak, wato ɗan makunnin da ke cikin distiributa mai rarraba wuta ga fulogai, ya buɗe baki. Lokacin da bakin yake rufe, wutar batir tana ratsa koyil tana tara ƙarfin maganaɗisu. Da kam, wato ɓangaren shaf ɗin distiributa mai kusurwoyi, ya ture shi ya buɗe, wutar ta yanke, ƙarfin ya rushe, sai koyil ya tura dubban volt zuwa fulogi. Tsarin na Charles Kettering ne da kamfaninsa Delco, ya fara shiga motocin Cadillac wajen 1910, ya yi sama da shekara sittin ana amfani da shi kafin Chrysler ta mayar da motocinta na Amurka kan ilektronik a 1973, General Motors ta biyo baya a 1975.

Aibin kwantak iri biyu ne. Bakinsa yana ɗaukar amfiya uku zuwa huɗu, kuma duk buɗewa sai ɗan tartsatsi ya tsallaka ko da kwandansa, wadda aikinta rage wannan tartsatsin ne, lafiyarta lau, a hankali gefe ɗaya ya yi rami, ɗayan ya yi tsiro. Na biyun shi ya fi ɓarna domin ba a ganinsa: dundugen filastik da ke gogar kam yana cinyewa, tazarar da aka saita a milimita 0.4 tana raguwa, kwantak yana makara wajen buɗewa, taimin, wato lokacin da tartsatsi ke fita, yana ja da baya alhali ba wanda ya taɓa distiributa. Daga nan mota take fara nauyi, da shan mai, da wuyar tashi da safe.

Saitin ilektronik wannan makunni kaɗai yake maye gurbinsa. Ba ya ƙara wa lafiyayyen inji ƙarfi, ba ya gyara kafireto, ba ya dawo da ringin da ya cinye. Ribarsa ita ce taimin yana zama inda aka ajiye shi, kuma tartsatsi ya fi daidaituwa idan juyi ya yi sama. Ga mai amfani da motarsa kullum wannan riba ce babba, amma sai an dace da koyil, an ba shi wuta mai kyau, an kuma sake saita taimin. A waɗannan wurare uku ne yawancin aikin yake lalacewa.

Kafin a sayi komai

Kada a sa ilektronik a injin da ba ya tashi da fatan zai tashi. A fara gyara shi a kan kwantak ɗinsa har ya zauna a silo. In ba haka ba, idan ya ƙi tashi bayan aiki, ba za a san ko tsohuwar cuta ce ko sabuwa ba.

Buɗe murfin distiributa, ka kama shaf ka girgiza shi gefe da gefe. Ɗan motsin da da ƙyar ake ji ba laifi, ilektronik ya fi kwantak haƙuri da shi. Amma in ana ganin shaf yana lilo, bush ya mutu, kuma zoben maganaɗisu na sabon saitin zai riƙa gogar modul, wato 'yar na'urar da ke zama a gurbin kwantak, har ya cinye ta. Sannan ka murɗa rota, wato hannun da ke saman shaf, da yatsa zuwa wajen da take juyawa. Ya kamata ta ɗan tafi, da ka sake ta kuma ta dawo da kanta. In ta ƙi motsi, nauyayen da ke ƙarƙashin farantin da kwantak ke zaune a kai sun yi tsatsa. In ta tafi ba ta dawo ba, sifirin ya saki. In akwai gwangwanin bakyum a gefe, ka tsotsi tiyonsa da baki: faranti ya motsa, ya kuma tsaya muddin ka toshe tiyon da harshe. Iska tana wucewa ba tsayawa, to fatar ciki ta yage. Duk waɗannan sassa za su ci gaba da aikinsu bayan an sa ilektronik, domin su ne ke kai taimin gaba: nauyayen idan inji ya ɗau gudu, bakyum kuma idan aikin da ke kan inji ya yi sauƙi.

Saiti ana sayensa ne da lambar distiributa, ba da sunan mota ba. Tsohuwar mota ta sha hannu, sau da yawa abin da ke jikinta ba shi ta fito da shi ba. Lambar tana buge a jikin distiributa: ta Bosch tana farawa da 0 231, Lucas tana da irin su 25D4 da 45D4, akwai kuma Ducellier, Hitachi, Nippondenso da Delco-Remy. Ka tabbatar da yawan silinda, da ko motar mai volt 12 ce ko 6 kamar Volkswagen na kafin 1967, da kuma kan batir ɗin da aka ɗaure a jikin mota. Yawanci negatif ne, amma tsofaffin motocin Ingila da yawa na kafin tsakiyar shekarun 1960 fozitif suke ɗaurewa, kuma saitinsu daban ne.

Nau'in da aka fi sawa shi ne mai zoben maganaɗisu da ƙaramar modul da ke zama a gurbin kwantak, irin na PerTronix da makamantansa, waya biyu kawai ke fitowa. Akwai mai hasken ido, irin na Lumenition, wanda fiffike ke yanke haske, da akwatinsa a waje. Akwai kuma distiributa sukutum, ko dai sabuwa irin 123ignition, ko wadda aka ciro daga injin gida ɗaya na shekarun baya da ya fito da ilektronik. In distiributarka ta gaji, sukutum ɗin ta fi. In lafiyarta lau, mai zoben maganaɗisu ya isa, kuma shi za mu bi a nan.

Koyil da balas

Nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi, domin modul ɗin da ake cewa jabu ce, sau da yawa koyil ne ya kashe ta.

Cire wayoyin ƙananan ƙafafun koyil biyu, ka sa mita a ma'aunin om mafi ƙanƙanta. Fara haɗa bakunan mitar da juna ka ga abin da ta nuna, sau da yawa 0.2 zuwa 0.5, domin za ka debe shi daga sakamako. Sai ka auna tsakanin ƙafar + da ƙafar −. A koyil ɗin Jamus lambar 15 ita ce +, lambar 1 ita ce −. A tsohon Lucas za ka ga SW, ƙafar wajen makulli, da CB, ƙafar wajen kwantak. Abin da za ka samu ɗaya ne cikin uku: wajen om 3, koyil ne na volt 12 kai tsaye, wajen om 1.5, koyil ne da aka yi don ya yi aiki da balas mai rage masa wuta. Ƙasa da om 1, koyil ne na motar zamani.

Lissafin shi ne volt a raba da om, ya ba da amfiya. Volt 12 a kan om 3 amfiya 4 ne, kuma iyakar abin da sauƙaƙan modul suke ɗauka ke nan a inji mai silinda huɗu ko shida. A kan om 1.5 amfiya 8 ne. A kan om 0.6 amfiya 20 ne, modul ba za ta daɗe ba. Don haka takardar PerTronix Ignitor na farko take neman aƙalla om 3 ga silinda huɗu da shida, om 1.5 ga silinda takwas. Akwai modul masu daidaita wutar da kansu waɗanda suke karɓar koyil mai ƙaramin om, amma sai takardar saitin ta faɗa da bakinta. Kada kyan koyil ko rubutun ƙarfin volt da ke jikinsa ya ruɗe ka, mita ce shaida.

Balas rizisto ne da ke kan hanyar wutar koyil, yana rage ta lokacin da inji ke aiki. Lokacin buga sitata kuma wata waya tana tsallake shi ta kai wa koyil wutar batir gaba ɗaya don tashi ya yi sauƙi. Wani farin dutse ne mai ƙafa biyu kusa da koyil, wani kuma waya ce ta musamman da aka ɓoye cikin damin wayoyi, ido ba zai gan ta ba. Hanyar ganewa: juya inji har kwantak ya rufe baki, buɗe makulli, auna tsakanin ƙafar + da jikin inji, ka kashe makulli nan da nan. Kusan volt 12, babu balas. Tsakanin 6 da 9, akwai shi. Rufewar kwantak sharaɗi ce, domin in bakin a buɗe yake wuta ba ta gudana, mita za ta nuna 12 ko da balas yana nan. Mutane da yawa a nan suke ruɗuwa.

In akwai balas, hanya biyu ce. Ko a bar koyil mai om 1.5 yana shan wuta ta balas ɗinsa, jimilla ta kama wajen om 3, a ɗauko wa modul wutarta daga bayan makulli kafin balas. Ko a tsallake balas gaba ɗaya a sa koyil mai om 3. Ta biyun ta fi tsabta, ta farkon ta fi taimakon tashi idan batir ya yi sanyi. Abin da ba a yi shi ne a cire balas a bar koyil mai om 1.5.

Duba caji ma. Batir a zaune 12.4 zuwa 12.6, lokacin buga sitata kada ya faɗi ƙasa da 9.6, inji na aiki kuma 13.8 zuwa 14.5. Tsohon regileta da ke haurawa sama da 15 a gyara shi tukuna.

Sa saitin

Kayan aiki ba su da yawa: sukudireba, sufanan da ya dace da notin distiributa, mita, fitilar taimin, farin fenti ko alli, kawunan waya masu kyau da abin matse su.

Mota a firi, hambirki a ja. Juya inji da hannu ta wajen da yake juyawa har fistin na ɗaya ya kusa ƙololuwa, wato ƙarshen hawansa, a bugun matsi. Za ka gane ta hanyar cire fulogi na ɗaya ka toshe ramin da babban yatsa, iska za ta turo. Tsaya inda alamar fuli ta yi daidai da digirin da littafin motar ya ce. A nan rota tana kallon wayar fulogi na ɗaya a murfi. Yi alama a bakin distiributa daidai hancin rota, ka yi wata tsakanin jikin distiributa da jikin inji. Rubuta wajen da rota take juyawa da jerin wutar. Yawancin masu silinda huɗu 1-3-4-2 ne, Volkswagen mai sanyaya da iska 1-4-3-2, mai shida a jere 1-5-3-6-2-4. Sai ka cire kan negatif na batir.

Ana iya aikin distiributa tana jikin inji in wurin yana da sarari. Haɗarin shi ne ƙaramin sukuru ya faɗa ƙarƙashin faranti cikin nauyaye. In ya faɗa, dole a fito da shi, domin zai iya datse shaf. In za ka cire ta, kada a juya inji har ta koma.

Zare rota, ka kwance kwantak da kwandansa da wayarsu da ke zuwa ƙafar − ta koyil. Kwandansar cikin distiributa ba ta da sauran aiki. Wadda ke ƙafar + ta koyil kuwa ta hana ƙara a rediyo ce, ana barinta. Goge faranti da kam tas, giris da datti su fita, domin ta farantin modul take mayar da wuta jikin inji, ta nan kuma take sauke zafinta. In saitin ya zo da farin man zafi, shafa shi siriri a ƙarƙashinta.

Akwai wata 'yar waya saƙaƙƙiya da ke haɗa farantin da ke motsi da jikin distiributa. Kada a cire ta. In ta tsinke a sa wata mai laushi. Rashinta yana sa mota ta riƙa yankewa daidai lokacin da bakyum ya ja faranti, wato da an ɗan taɓa totur. Auna tsakanin faranti da wayar negatif ɗin da ka cire daga batir, ya kamata mita ta nuna kusan sifiri.

Ɗaura modul, kada ka ƙarasa matsewa. Zura zoben maganaɗisu a kan kam, ka ɗan juya shi har kusurwoyinsa su dace da na kam, ka danna shi da yatsu ya zauna ƙasa sosai. Ba a buga shi da guduma. In bai zauna ba rota ma ba za ta zauna ba, sai ta ci murfi. Saita tazara tsakanin zobe da modul yadda takarda ta ce. A masu maganaɗisu yawanci wajen milimita 0.75 ne, kuma sukan zo da ɗan ma'aunin filastik. A masu haƙoran ƙarfe irin na distiributar Japan, 0.2 zuwa 0.4 ne, ana aunawa da ma'aunin tagulla domin na ƙarfe yana mannewa ya ba da ƙarya. Matse sukuru, ka sake aunawa.

Fitar da wayoyi ta ramin da tsohuwar ta bi, da robarsu a bakin ramin. A ciki ka bar musu ɗan sassauci yadda faranti zai motsa ba tare da ya ja su ba, amma kada su kai ga zobe ko rota. Tsotsi tiyon bakyum kana kallo. Ɗiga man inji ɗigo biyu a audugar da ke tsakiyar shaf, ka mayar da rota da murfi. Murfi mai tsaga ko baƙin layi a ciki, da rota mai ƙonannen hanci, a sauya su yanzu.

A motar da negatif ke jiki, baƙar waya tana zuwa ƙafar − ta koyil, jar waya tana zuwa wutar volt 12 ta bayan makulli. In babu balas, ƙafar + ta koyil ce wurinta. Juya su sau ɗaya ya isa ya kashe modul nan take, don haka a duba sau biyu kafin a mayar da kan batir. Wurin da aka ɗauko wutar dole ya kasance da wuta a matsayi biyu na makulli, na aiki da na buga sitata. Layin rediyo da abin share gilashi yakan mutu lokacin bugawa. Alamar wannan kuskure ita ce inji yana ta juyawa ba ya kamawa, sai daidai lokacin da aka saki makulli ya yi kamar zai tashi. A matse kawunan waya da kyau ko a yi musu dalma, murɗawa da hannu a naɗe da tef ba ya ɗorewa a zafin inji.

Wayoyin fulogi masu zallar tagulla a ciki suna watsa hayaniyar wuta da ke rikita wasu modul. Masu rizisto a ciki su suka dace.

Taimin

Wurin da modul take yanke wuta ba lalle ya zo daidai da inda kwantak yake buɗewa ba. Bambancin yakan kai digiri biyar, goma, wani lokaci fiye. Saboda haka sake saita taimin wajibi ne, ko da mota ta tashi da bugu ɗaya tana kuma jin daɗin kunne.

Sassauta notin distiributa yadda za ta juyu da hannu amma ba ta yawo. Tayar da inji. In ya ƙi, juya ta kaɗan ka sake gwadawa. Juya jikinta sabanin tafiyar rota yana kai taimin gaba, bin tafiyar rota yana mayar da shi baya. Motsin ya zama ƙanƙane, domin distiributa rabin gudun inji take yi, digiri ɗaya a jikinta biyu ne a fuli.

Bari inji ya yi zafinsa na aiki. Shafa farin fenti a alamar fuli, maƙala fitilar taimin a wayar fulogi na ɗaya, cire tiyon bakyum ka toshe shi ta wajen kafireto, sai in littafin motar ya ce a bar shi. Haska, ka juya distiributa har alama ta tsaya a digirinta. A tsofaffin injuna da yawa tsakanin digiri 5 ne da 10 kafin ƙololuwa, amma adadin littafin shi ake bi. In fuli alamar ƙololuwa kaɗai gare shi, auna faɗinsa ka yi lissafi: fuli mai faɗin milimita 150 kewayensa 471 ne, a raba da 360, kowane digiri milimita 1.3, digiri 10 ke nan milimita 13. Kula da fanka da bel, hasken fitilar yana sa su yi kamar a tsaye suke.

Saitin silo rabin aiki ne. Ƙara totur a hankali kana haskawa. Alama ta riƙa tafiya gaba sannu a hankali ba tsalle, ta tsaya wajen juyi 3,000 zuwa 3,500. Yawancin injunan zamanin suna tsayawa tsakanin digiri 28 da 36 ba tare da bakyum ba. Volkswagen mai iska kada ya wuce 32, domin zafi yake kashe shi. Wannan adadi na sama ya fi na silo muhimmanci ga ran inji, domin a nan fistin yake ƙonewa in taimin ya yi gaba da yawa. Matse noti, ka sake haskawa, matsewa takan gusar da shi. Mayar da tiyo, ka gyara silo a kafireto in ya sauya.

A kan hanya, sa babban giya a ƙaramin gudu ka taka totur. In ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, mayar da taimin baya digiri biyu ka sake gwadawa. Fulogi kuma, wanda yake 0.6 ko 0.7 ana iya buɗa shi zuwa 0.8 in koyil da wayoyi sababbi ne. Wuce haka yana matsa wa murfi da rota lamba ba tare da wata riba ba.

In ta ƙi, da abin da ke kashe modul

Babu tartsatsi sam: auna jar waya lokacin da ake buga sitata. In wuta tana nan, sa fitilar gwaji tsakanin ƙafar − ta koyil da jikin inji a buga. Fitila tana ƙyaftawa, modul tana aiki, a nemi laifin a koyil, rota ko murfi. Tana ci ba ƙyaftawa, modul ba ta haɗa wutar da jikin inji: a duba tazara, da zaman zobe, da haɗin faranti da jiki. Ba ta ci sam, ko wuta ba ta isa koyil, ko baƙar waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko modul ta ƙone.

Harbi ta kafireto ko ta salansa yana nufin wayoyin fulogi sun saɓa, ko distiributa ta koma a juye. Mota ta yi tafiya ta mutu da zafi, ta huce ta tashi, a taɓa koyil: in ba ya taɓuwa, om ɗinsa ya yi kaɗan. Mis, wato inji ya riƙa tsallake bugu, a babban gudu yawanci ƙarancin wuta ne, wato an ɗauko jar waya bayan balas. Agogon juyin inji da ya haukace, in tsohon Smiths ne mai rubutun RVI, yawanci ba ya jituwa da ilektronik sai an sauya cikinsa. Mai RVC yana aiki daga ƙafar − ta koyil.

Kada a bar makulli a buɗe inji ba ya aiki. In zobe ya tsaya inda modul take a kunne, wuta za ta yi ta kwarara cikin koyil, cikin 'yan mintuna ɗayansu ko duka biyun su ƙone. Mai gyaran fitilu ko rediyo ya fara zare jar waya. Kada a cire kan batir inji yana aiki don gwada caji, kwantak yana jure wannan, ilektronik ba ya jurewa. Kada a haɗa batir biyu a jere don tayar da mota, kuma kafin walda a jikin mota a cire batir da wayoyin modul. Wajen gwada tartsatsi, fulogi ya kasance yana taɓa jikin inji, ba a riƙe da hannu ba. Wutar tana haura volt 20,000, kuma in ba ta sami hanya ba takan fasa cikin koyil ko ta koma kan modul.

Kwantak yana ba da alama kafin ya mutu, modul kuwa farat ɗaya take tsayawa. Don haka a zuba tsohon kwantak da kwandansa da wayarsu da sukurorinsu a 'yar leda a bar su cikin mota, tare da ma'aunin tazara. A kuma bar tsohuwar alamar da aka yi a jikin distiributa, a yi sabuwa da wani launi. In ta kama a koma kwantak a hanya, sai a zare zobe da modul, a mayar da shi a tazarar 0.4, a juya distiributa zuwa tsohuwar alama.